Daga Littafin Haraji Zuwa Lambar NIN

Rubuta sunan talaka a littafin hukuma ya daɗe a ƙasar Kano, kuma tun farko ba da alheri ya zo masa ba. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, babbar buƙatarsu ita ce sanin yawan magidanta da gonaki da shanu, domin a kansu ake yanka haraji da jangali. Aka fitar da hakimai daga birni suka koma zama a gundumominsu, malaman En'e suka riƙa bin ƙauyuka da takarda da alƙalami, malaman taki kuma suna auna gonaki. A garuruwa irin su Gwarzo da Kabo da Sabon Birni, dagaci da mai unguwa su ne idon hukuma. Yaro na tasawa za a sa shi a jerin masu biya. Shi ya sa magidanci kan rage shekarun ɗansa, Bafulatani kuma ya kora garkensa daji idan lokacin ƙirga ya zo.

Wannan tsari ya ci karo da wata ɗabi'a da ta girme shi. Bahaushe ba ya son faɗin yawan 'ya'yansa ko dukiyarsa, ya gina zaure domin baƙo ya tsaya a nan, kuma cikin addu'o'in da ya fi yawaita akwai roƙon rufin asiri. Ciki, in ji shi, ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Sai ga hukuma tana tambayar abin da ko maƙwabci ba ya tambaya.

Samun 'yanci bai wanke alƙalamin hukuma ba. An soke ƙidayar 1962 saboda taƙaddama, aka sake wata a 1963, ta 1973 kuma Janar Murtala Muhammad ya soke ta a 1975. Jama'a suka gane cewa lissafin kawunansu makami ne a rikicin rabon kujeru da kuɗi. Da Gwamna Abubakar Rimi ya hau mulki a 1979 ya soke haraji da jangali, talakawa sun yi murna ƙwarai, domin an rufe littafin da suka fi tsoro.

Littafin ya dawo cikin kwamfuta. A 2003 aka yi rajistar katin ɗan ƙasa ta hannun kamfanin Sagem na Faransa, aikin ya ƙare da abin kunya na cin hanci. Aka kafa hukumar NIMC a 2007, aka fara rajistar layukan waya a 2011, Babban Banki ya kawo BVN a 2014, hukumar zaɓe ma ta ɗauki nata. Kowace ta karɓi hoton fuska da zanen yatsu, kamar ba gwamnati ɗaya suke yi wa aiki ba. A Disamban 2020, lokacin da Isa Ali Pantami yake ministan sadarwa, aka ba da wa'adin mako biyu kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN. Mutane suka yi cincirindo a cibiyoyin rajista ana tsakiyar annobar korona. A Afrilun 2022 aka hana layuka sama da miliyan 70 yin kira.

Hujjar gwamnati ita ce tsaro, hujja mai nauyi ga wanda ke zaune a kan iyakar Kano da Katsina. Amma masu garkuwa da mutane sun ci gaba da cinikin kuɗin fansa ta waya, har Pantami da kansa ya koka a Janairun 2024 cewa hukumomin tsaro ba sa amfani da tsarin yadda ya kamata. A watan Yuni na shekarar, ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa wani shafin intanet yana sayar da bayanan 'yan Nijeriya a kan naira 100, har ta sayi takardar NIN ta ministan sadarwa Bosun Tijani domin kafa hujja. NIMC ta musanta cewa an kutsa rumbunta. Duk wannan ya faru ne bayan Shugaba Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai a Yunin 2023, kuma sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya riga ya tabbatar wa kowa 'yancin sirrinsa.

Zaluncin tsohon littafi yana da iyaka: yana ajiye wuri guda, kuma talaka ya san gidan wanda ya rubuta shi, yana iya kai kuka. Na yau ana kwafe shi cikin ƙiftawar ido, kuma zanen yatsa ba lambar sirri ba ce da za a canja idan ta fita. Ƙasa ba ta tsara makarantu da asibitoci ba tare da sanin mutanenta ba, wannan gaskiya ne. Sai dai wanda ya karɓi ajiya, amana ta hau kansa. Shekara fiye da 100 ana hukunta talakan da ya ɓoye sunansa. Ranar da aka ga an gurfanar da jami'in da ya sayar da sunan, a ranar ce manomin Sabon Birni zai miƙa yatsunsa hankali kwance.