Daga Birnin Tudu Zuwa Fom ɗin Intanet: Ƙungiyoyin Bakolori da Kuɗin Tarayya

Sa'ad da kuɗin gwamnatin tarayya ya fara kwarara ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun, ba wanda ya rubuta takardar neman sa. A 1974 aka soma gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kamfanin Impresit na Italiya ya riƙe aikin, aka kammala a 1978 ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Zamanin kuɗin mai ne. An tsara tafkin zai riƙe ruwa kubik mita miliyan 450, a shayar da kadada 23,000, ta magudanai da kuma bututun feshi. Manomi kuwa ba a tambaye shi ba. Katafila ta baje gonaki, aka hana mutane shuka damina bayan damina ana gyaran fili, diyya ta yi jinkiri, wasu ma ba su gan ta ba.

Manoma suka haɗa kai suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilun 1980, Shehu Shagari yana shugaban ƙasa, Shehu Kangiwa yana gwamnan Sakkwato, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka wa Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. A lissafin gwamnati mamatan ba su kai talatin ba. Wasu da suka bi diddigi sun ce sun kai 386. Dole a fara daga nan, domin haɗin kan farko da mutanen yankin suka yi a gaban tarayya ba na roƙon tallafi ba ne. Haƙƙinsu suke nema, ba rajista, ba hatimi, ba asusun banki.

Kalmar nan da kowane ɗan ƙauye ya haddace yanzu, "ku kafa ƙungiya", daga baya ta zo. Hukumar DFRRI ta Babangida a 1986 ta nemi garuruwa su yi ƙungiyoyin ci gaba, shirin Maryam Babangida na kyautata rayuwar matan karkara ya biyo a 1987, shirin FEAP na zamanin Abacha a 1997 ya ce rance sai ta hannun ƙungiyar gama kai. Kowane ya tafi tare da gwamnatin da ta kawo shi. Abin da ya fi barin alama shi ne shirin Fadama na farko, wanda aka fara a 1993 da rancen Bankin Duniya. Shi ya yaɗa ƙaramin injin ban ruwa da rijiyar da ake hudawa a fadama, kuma ta hannun ƙungiyoyin masu noman fadama yake bi. Ana cikin haka aka ƙirƙiri Jihar Zamfara a 1996, ofisoshin suka koma Gusau. Babban aikin Bakolori kuwa sai lalacewa yake yi: zuwa 2003 bututun feshi sun daina aiki, abin da ake nomawa bai wuce kadada 7,500 ba, galibi shinkafa. Ɗan injin da mutum zai ɗaure a bayan babur ya kai bakin gulbi ya ciyar da gidaje da yawa a daidai lokacin da manyan injuna ke tsatsa.

A ganina Fadama ta uku, wadda ta soma a 2008 a dukan jihohi 36 da Abuja da dala miliyan 250, ita ce ta fi kusantar abin da za a kira tallafi ga ƙaramar ƙungiya. Ƙa'idarta a bayyane take. Manoma ko masunta ko mata masu sussukar shinkafa su taru su yi rajista, ƙananan ƙungiyoyi su haɗu a babbar ƙungiyar yanki, su rubuta abin da suke bukata da kansu. In kayan sana'a ne, kamar injin niƙa ko na ban ruwa, su zuba kashi 30 cikin ɗari, shirin ya cika sauran. In aikin gari ne, kamar kwalbati ko rumfar kasuwa, kashi 10. Shirin CSDP da ya zo a 2009 ma haka ya bi wajen azuzuwa da ɗakunan shan magani da rijiyoyin burtsatse: gari ya zaɓi aikin, ya kafa kwamiti, ya kawo nasa kason, a kuɗi ko a yashi da ƙwadago. Wannan ya dace da abin da Bahaushe ya sani tun kaka da kakanni, aikin gayya da adashe.

Sai dai a nan ne aka ga ƙungiya iri biyu. Akwai wadda ta riga shirin zuwa, wadda ma'ajinta ke da tsohon littafi mai kunnuwa a naɗe, kowane mamba da layinsa, ga kuɗin mako, ga tarar wanda bai zo yasar magudana ba, ga zanen babban yatsa inda mutum bai iya sa hannu ba. Irin wannan kashi 30 bai gagare ta ba. Akwai kuma wadda aka haifa a daren da aka ji labarin kuɗi, mai gida ya jera sunan matansa da ƙannensa ya kai ofis. Ita wannan ba ta kai shekara bayan an raba kaya. Abin takaici shi ne a kan takarda su biyun kamarsu ɗaya, kuma ta biyun ce ta fi saurin samun labari, don tana da wani a birni.

Duk waɗannan shirye-shirye ne masu wa'adi, kuma yawancinsu rancen Bankin Duniya ne da tarayya ta ciwo ta miƙa wa jihohi, jiha ta biya nata kaso kafin a saki kuɗi. A Amurka akwai shafin Grants.gov, inda hukumomin tarayya ke sa sanarwar tallafi, da sharuɗɗa da ranar rufewa, ƙungiyar da ta yi rajista ta nema. Can ma ƙananan ƙungiyoyi suna kuka da yawan takardu, amma ƙofar a tsaye take, an san inda take. Nijeriya ba ta gina irin wannan ƙofa ba. Ƙungiyar marayu a Bakura ko ta guragu a Maradun ba ta da wani ofishin tarayya da za ta kai buƙatarta duk shekara ta ji amsa, a ba ta ko a faɗa mata dalilin hanawa. Ko shirin Anchor Borrowers da Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015 rance ne, kodayake da yawa sun ɗauke shi kyauta, abin da ya jawo rigimar biya daga baya.

Inda ba ƙofa, sai a bi ta gidan manya. Ƙananan hukumomin nan uku kowace ta fitar da gwamna: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Samun manya a gida ba laifi ba ne. Amma ayyukan mazaɓu, da a shekarun baya ake ware musu kusan naira biliyan 100 a kasafin tarayya kowace shekara, ɗan majalisa ne ke zaɓen inda za su sauka, shi ya sa sakataren ƙungiya ya koyi cewa zaman jira a ƙofar gida ya fi rubuta kyakkyawan tsari amfani. Wannan tarbiyya ce mai kashe ƙungiya, domin tana mayar da ita reshen jam'iyya.

Sharuɗɗan takarda kuma sai ƙaruwa suke yi. Mai son a ɗauke shi ƙungiya mai zaman kanta ta sosai, sai ya yi rajistar amintattu a hukumar CAC ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, ya buga sanarwa a jaridu biyu, ya jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, ya samo shaidar SCUML da ke ƙarƙashin EFCC kafin banki ya yarda da asusunsa. Kusan duk ta intanet ake yi. Ga shi a 2021, shekarar da aka sace 'yan mata 279 a Jangebe cikin ƙasar Talata Mafara, aka kai hari kwalejin noma ta Bakura, aka kwashi ɗalibai a Maradun, gwamnati ta katse layukan waya a jihar daga watan Satumba. A shekarar da ƙungiyoyin gari suka fi ɗaukar nauyin 'yan gudun hijira da zawarawa, a ita ce ko fom ba sa iya buɗewa.

Abin da ya ba ni fata yana bakin magudanan Bakolori ɗin nan dai. Shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 da kusan dala miliyan 495, ya gyara magudanai, ya kuma ɗora kula da ƙananansu a kan ƙungiyoyin masu amfani da ruwa: su tara kuɗin ruwa, su yashe, su raba kwanakin ban ruwa tsakanin na sama da na ƙarshen layi. Jikokin waɗanda aka harba a 1980 ne yau hukuma ke zama da su a kan teburi ɗaya. A 2024 bankin ya amince da wani sabon shirin, SPIN, na dala miliyan 500, shi ma mai wa'adi, kuma a kan irin waɗannan ƙungiyoyi zai dogara. Ƙungiyoyin marayu da na guragu da na matan da aka kashe wa maza ba sa cikinsa.