Shari'ar Apple da Samsung: Asalin shaguɓen 'kusurwa mai lanƙwasa'

Ranar 24 ga watan Agustan 2012, wata kotu a birnin San Jose na jihar Kalifoniya ta samu kamfanin Samsung na Koriya ta Kudu da laifin kwaikwayon wayar iPhone, ta kuma umurce shi da ya biya kamfanin Apple diyyar fiye da dala biliyan 1.

Kafin gari ya waye, masu amfani da intanet sun mayar da wannan nasara abin ba'a. Kalmomin da suka riƙa yaɗawa su ne "rounded corners", wato kusurwa mai lanƙwasa. Abin da suke nufi shi ne wai Apple ya mallake siffar da kowane allo da kowace tire ke da ita tun kafin a san wayar salula.

Daga nan duk abin da aka gani mai gefe huɗu, ko tebur ne ko sabulu, sai a ɗora hotonsa a ce mai shi ya shirya zuwa kotu. A shafin Twitter kuma aka yi ta kiran a ƙaurace wa kayan Apple.

Shi kansa Samsung ya ƙara wa wutar fetur. A sanarwar da ya fitar bayan hukuncin, ya ce abin takaici ne a murɗa doka har kamfani guda ya mallake siffa mai gefe huɗu da lanƙwasassun kusurwoyi.

Abin da kotu ta yanke

Sai dai shaguɓen ya rage wa zancen tsawo fiye da kima. Ƙarar da Apple ya shigar a watan Afrilun 2011 ta ƙunshi fuskar wayar, da jerin gumakan da ke kan allonta, da yadda shafi ke ɗan dawowa da baya idan an ja shi zuwa ƙarshe.

Abin mamaki ma, mutane tara da suka taimaka wa mai shari'a Lucy Koh yanke hukunci ba su samu Samsung da laifi a kan takardar mallakar siffar kwamfutar hannu ta Apple ba, wadda ita ce ta fi kama da abin da ake yi wa dariya.

Duk da haka masu ba'ar suna da hujja. Tsoron da ake yi shi ne, idan siffa kawai za ta jawo diyyar biliyan, ƙananan kamfanoni za su ja da baya, wayoyi kuma su yi tsada.

Tireloli talatin

Cikin 'yan kwanaki sai ga labarin cewa Samsung ya aika da tireloli 30 maƙare da kwabban santi 5 zuwa hedkwatar Apple. Ƙanzon kurege ne da ya samo asali daga wani shafin barkwanci na ƙasar Meziko, El Deforma, amma mutane da dama suka ɗauka gaskiya ne.

Lissafi kaɗai ya isa ya ƙaryata shi. Kuɗin zai kai kwabo biliyan 20 da ɗoriya, kowanne mai nauyin giram 5, wato fiye da tan dubu 100.

Diyyar ma ba ta tsaya a yadda take ba. A 2013 mai shari'a Koh ta soke kimanin dala miliyan 450 daga ciki, ta ce a sake lissafi. A watan Disambar 2016 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa ba dole ne wanda ya kwaikwayi siffar wani sashe na kaya ya miƙa ribar kayan gaba ɗaya ba.

A watan Mayun 2018 aka tsayar da dala miliyan 539, wata guda bayan haka kuma kamfanonin biyu suka sasanta ba tare da sun bayyana sharuɗɗan ba.