Daga Karayar Hannu Zuwa Murɗa Makulli: Tarihin Tayar da Mota



Duk wanda ya taɓa tura mota da sassafe ya san ƙarar nan ta ƙas-ƙas-ƙas da ke fitowa daga ƙarƙashin bonet idan an murɗa makulli inji ya ƙi tashi. Mukan ce batir ya yi sanyi, mu wuce. Mai wannan ƙarar shi ne solonoyid, ɗan gwangwanin nan da sitata ke goye da shi, kuma tushensa ya haura shekara 200.

A 1820 wani masani ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Ørsted, ya lura cewa wutar da ke bin waya tana karkatar da allurar kamfas. Bafaranshe André-Marie Ampère ya ɗora a kai, kuma shi ya raɗa wa wayar da aka nannaɗe sunan solonoyid. Idan wuta ta bi ta cikinta sai ta zama maganaɗisu, ta fizgo ƙarfe. A lokacin ko motar ma ba a ƙera ba.

Da motoci suka zo, da hannu ake tayar da su. Direba zai zura wani lanƙwasasshen ƙarfe a gaban inji ya juya da iyakar ƙarfinsa. Idan inji ya yi tutsu ya juyo baya, ƙarfen ya doki hannu. Abin ya yi yawa har likitoci suka laƙaba wa wata karayar wuyan hannu sunan karayar direba.

Wanda ya raba mutane da wannan wahala shi ne Charles Kettering na garin Dayton a jihar Ohio ta Amurka. Kafin nan ya yi aiki a kamfanin National Cash Register, inda ya sa wa akwatin kuɗin kanti ƙaramin injin lantarki. A can ya gane cewa ƙaramin inji zai iya ɗaukar nauyin da ya fi ƙarfinsa muddin na 'yan daƙiƙoƙi ne. Da wannan dabara kamfaninsa na Delco ya ƙera sitatar da ta fito a motar Cadillac ta 1912. Ford ma ya fara sa ta a Model T a 1919.

Sai dai an gudu ba a tsira ba. Sitata akwai ta da cin wuta. Ko a ƙaramar motar fetur ta yau takan ja amfiya 100 zuwa 200, ta dizal kuwa fiye da haka. Irin wannan wuta sai waya mai kaurin ɗan yatsa, kuma babu makullin da zai ɗauke ta bai ƙone ba. Shi ya sa a motoci da yawa na da, direba yake taka wani maɓalli a ƙasa, ƙafarsa ta haɗa wutar.

A nan solonoyid ya karɓi aikin ƙafa. Siririyar waya daga makulli ke ba shi umarni, shi kuma ya yi aiki biyu a lokaci guda: ya tura ɗan giyan sitata cikin haƙoran fulawil, sannan ya haɗa manyan kawuna biyu na jan ƙarfe domin wutar batir ta wuce kai tsaye. A 1949 Chrysler ya fito da tayar da mota ta hanyar murɗa makulli kawai, sannan a shekarun 1950 masu ƙera motoci a Amurka suka bar batir mai bolt 6 suka koma mai 12.

Shi kansa solonoyid naɗi biyu gare shi. Na farko mai fizgowa ne, yakan ja kimanin amfiya 30 zuwa 40 cikin ƙiftawar ido. Na biyu mai riƙewa ne, amfiya 10 ko ƙasa da haka ta ishe shi. Don a sauƙaƙa wa makulli wannan nauyi ne ake sa rile a tsakani. Idan batir ya yi rauni ko kansa ya yi tsatsa, solonoyid zai fizgo, sitata ta shanye 'yar wutar da ta rage, ya saki, ya sake fizgowa. Ƙas-ƙas ɗin da muka fara da ita ke nan.

Har yau muna ganin ana haɗa kawunan solonoyid da sukundireba a bakin titi, ko a maye wayar batir da wadda ta fi ta siranta don a rage kuɗi. Na farko zai iya tayar da motar da ke cikin giya ta bi ta kan mai haɗawar, na biyu kuma ya ɗumama waya har robarta ta kama wuta. Shekara da shekaru masu ƙira suka yi suna nesanta hannun mutum da wannan haɗari, bai kamata mu mayar da shi da kanmu ba.

Sai mako mai zuwa, idan rai ya kai.