Yadda Ɗakin Bakwaini Ya Koyi Sauraron Jariri

Kula da bakwaini a asibiti ta fara ne da yaƙi da sanyi. A 1880 wani likitan haihuwa a birnin Paris, Stéphane Tarnier, ya ga na'urar ƙyanƙyasar ƙwai a gidan namun daji, sai ya sa aka ƙera masa akwatin katako mai tankin ruwan zafi a ƙasansa. Daga wannan akwati kwalbar da ake sa jarirai a yau ta samo asali. Almajirin Tarnier, Pierre Budin, ya lura da wani abu da aka yi shekaru ba a sake waiwaya ba: idan aka raba uwa da ɗanta makonni, zuciyarta takan yi nisa da shi, wata ma ba ta dawowa ɗaukarsa. Saboda haka ya dage a bar uwa ta riƙa zuwa tana shayarwa, tana ganin ɗanta ta gilashi.

Kwalbar ta haye teku zuwa Amurka, amma shawarar Budin ba ta bi ta ba. Daga 1903 zuwa 1943 Martin Couney ya riƙa baje kolin bakwaini a filin wasa na Coney Island a New York, 'yan kallo na biyan kuɗin shiga, da kuɗin ake jinyar jariran kyauta. A 1922 Julius Hess ya buɗe sashen bakwaini a Chicago. Tsoron ƙwayar cuta ya mamaye komai a wancan zamani, kuma tsoro ne mai dalili tunda babu magungunan kashe ta. Dokar ita ce a rage taɓa jariri, iyaye kuma su tsaya bayan taga.

Daga 1960, shekarar da Louis Gluck ya kafa ɗakin kulawa ta musamman ga jarirai a Yale, al'amari ya juya. Rasuwar ɗan shugaban Amurka Kennedy a 1963, kwana biyu bayan an haife shi bakwaini, ta ƙara zaburar da bincike kan numfashin jarirai. Na'urori suka shigo, jariran da a da ake cire rai da su suka fara rayuwa. Sai dai ɗakin da ya cece su an tsara shi ne don sauƙin aikin manya. Fitilu a kunne dare da rana. Ƙararrawar na'urori ba ta tsayawa. Jariri na kwance rigingine, tsirara, hannuwa da ƙafafu a warwatse, ana tashinsa a soki dundunniyarsa a ɗebi jini a duk lokacin da jadawali ya ce. Har tsakiyar shekarun 1980 ana yi wa wasu tiyata da ɗan abin da bai kai ya kawo ba na maganin kashe zafi, bisa zaton cewa ba su kai jin ciwo ba. Binciken Kanwaljeet Anand na 1987 ya rusa wannan zato.

A irin wannan ɗaki Heidelise Als ta zauna kallo. 'Yar asalin Jamus ce, an haife ta a 1940, masaniyar halayyar ɗan Adam, kuma ta yi aiki a asibitin yara na Boston tare da Berry Brazelton, wanda a 1973 ya fito da ma'aunin karanta halin jariri sabon haihuwa. Tambayarta mai sauƙi ce: me ke faruwa da ƙwaƙwalwar da ya kamata ta ƙarasa girma a duhun mahaifa, cikin ɗumi da sautin zuciyar uwa, idan aka tsinto ta cikin haske da hayaniya wata uku kafin lokaci? A 1982 ta bayyana ra'ayinta. Ta ce jikin bakwaini na tafiya ne a kan sassa biyar masu jingina da juna: numfashi da bugun zuciya da narkar abinci, motsi da ƙarfin gaɓɓai, barci da farkawa, mai da hankali ga mutane, sai iya kwantar da kansa. Idan aka ɗora wa sashe ɗaya nauyin da ya fi ƙarfinsa, sauran su ma sai su girgiza. Shi ya sa canza ƙunzugu kawai kan iya sa numfashin jariri ya ɗauke.

A kan wannan ta gina tsarin da aka sani da NIDCAP a tsakiyar shekarun 1980. Zuciyar tsarin ita ce kallo mai haƙuri. Mai lura zai tsaya gefen kwalba da takarda, kafin nas ta fara aiki, da lokacin aikin, da bayan ta gama, yana rubuta abin da ya gani kowane minti biyu daga jerin alamomi 91. Jariri ya buɗe yatsu ya miƙa tafi gaba, ya banƙare, ya yi shaƙuwa ko hamma, ya kau da ido, fatarsa ta yi dabbare-dabbare: yana cewa ya isa haka. Ya kai hannu baki, ya haɗa tafin ƙafafu, ya kama yatsan mai jinya, ya dunƙule: yana neman natsuwa, kuma yana nuna hanyar da za a taimake shi. Daga nan ake rubuta shawara ta wannan jariri shi kaɗai, domin abin da ke kwantar da wani yana iya tayar da na kusa da shi. Bayan mako ɗaya ko biyu a sake kallo, tunda jaririn ya sauya.

Abin da ya biyo baya ƙananan gyare-gyare ne, ba su buƙatar sabuwar na'ura. A lulluɓe kwalba da bargo. A rage murya, a rufe ƙofar kwalba a hankali. A naɗe zane a kewaye jariri har ƙafafunsa su sami abin tokara, a kwantar da shi a gefe. A jira ya farka kafin a taɓa shi, in ba gaggawa ba. Idan za a yi abu mai ciwo, mutum biyu su tsaya, ɗaya na aiki, ɗaya ya tallabe kai da ƙafafu da tafukansa. Mafi wuya ga asibitoci shi ne yarda cewa uwa da uba ba baƙi ba ne masu sa'ar ziyara, su ne masu jaririn.

Shaidar amfanin tsarin tana da gardama, kuma gardamar ta gaskiya ce. Binciken Als na 1994 a kan jarirai 38 ya nuna raguwar kwanakin na'urar numfashi, da saurin fara tsotso, da komawa gida da wuri. Na 2004 ya nuna bambanci a hoton ƙwaƙwalwa. Amma a 2013 Arne Ohlsson da Susan Jacobs suka haɗa gwaje-gwajen da aka yi, suka ce ba su ga tabbacin amfani mai ɗorewa ba. Gwaje-gwajen ƙanana ne, horon ma'aikata yana cin lokaci da kuɗi, kuma da wuya a raba rukuni biyu a ɗaki ɗaya, domin nas ɗin da ta koyi rage haske ba za ta bar jaririn gado na gaba cikin haske ba. Duk da haka ƙasashe irin su Suwidin da Faransa sun rungumi tsarin, har a Suwidin aka gina ɗakunan da iyaye ke kwana da ɗansu.

Ɓangaren irin wannan kulawa da shaidarsa ta fi ƙarfi ya fito ne daga inda babu wadata. A 1978 a Bogota ta Kolombiya, ƙarancin kwalba ya sa Edgar Rey ya fara ɗaura bakwaini a ƙirjin uwarsa, fata da fata. A 2021 wani gwaji a Ghana, Indiya, Malawi, Najeriya da Tanzaniya ya nuna cewa fara wannan goyon ƙirji tun daga haihuwa, kafin jariri ya daidaita, ya rage mutuwa da kashi 25 cikin 100 a tsakanin masu nauyin kilo 1 zuwa 1.8. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da shi shawararta ga kowace ƙasa, abin da ke nufin dole a sama wa uwa gado a cikin ɗakin kulawar kansa. Als ta rasu a wannan shekarar.