Tsakanin Lafawa da Warkewa: Wani Babi Daga Tarihin Gwajin Magunguna

Kafin shekarar 1938, galibi likita ba shi da wani abin kirki da zai yi wa mai ciwon huhu, watau namoniya, illa jinya da jira. Zazzaɓi kan yi ta hauhawa har wajen kwana bakwai zuwa goma, sa'an nan ko dai gumi ya karyo wa majinyaci ya farfaɗo, ko kuwa rai ya yi halinsa. Muninta ke nan. Amma ga mai bincike wannan gaggawa tana da amfani, domin cikin mako biyu an san ko magani ya ci ko bai ci ba.

A 1937 ne masu haɗa magunguna na kamfanin May & Baker a Ingila suka samar da wata ƙwaya daga dangin salfa, suka laƙaba mata suna M&B 693. Lionel Whitby ya gwada ta a kan ɓeraye. Daga nan likitoci biyu, Evans da Gaisford, suka jarraba ta a asibitin Dudley Road da ke Birmingham. Majinyata 100 aka ba maganin, 8 suka rasu. Wasu 100 kuma aka yi musu jinya irin ta da, 27 suka rasu. Da aka buga wannan sakamako a mujallar Lancet a 1938, gardama ba ta yi tsawo ba. Da wata ƙwaya ta wannan dangi na salfa ne aka yi wa Winston Churchill magani sa'ad da ciwon ya kwantar da shi a Tunisiya cikin Disambar 1943.

Sankara kuwa ba ta ba da amsa da wuri haka. A 1948 Sidney Farber na birnin Boston a Amurka ya ba da rahoton yara 16 masu sankarar jini da ya ba wani magani mai suna aminopterin. Goma daga cikinsu suka sami sauƙi, jininsu ya gyaru, wasu har suka koma wasa. Bayan 'yan watanni cutar ta dawo. Lalle Farber ya cancanci yabo, don shi da kansa ya kira abin da ya gani lafawa ta ɗan lokaci, bai ce warkewa ba.

Wanda ya fara gane inda gizo ke saƙa shi ne Min Chiu Li, likita haifaffen ƙasar Sin da ke aiki a Cibiyar Binciken Sankara ta Amurka. A 1956 ya fara ba da methotrexate ga mata masu wata irin sankara da ke tasowa daga mabiyiya bayan ɗaukar ciki. Ƙari ya ɓace daga hoton ƙirji, matan suka miƙe. Sai dai akwai wani sinadari da wannan sankara ke fitarwa, wanda ake iya aunawa a fitsari, kuma Li ya lura bai ƙare sarai ba. A ganinsa, muddin da sauransa, to da sauran cuta a ɓoye. Saboda haka ya ci gaba da ba da magani mai dafi ga mata da ido ke ganin sun warke. Shugabanninsa suka ɗauki wannan a matsayin ganganci da rayukan mutane, aka sallame shi daga aiki a 1957. Ba za a ce tsoronsu ba shi da dalili ba, gama maganin na iya kisa. Amma da tafiya ta yi nisa, sai aka ga waɗanda aka tsayar wa magani da wuri cutar na komo musu, na Li kuwa suna nan lafiya. A 1972 yana cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker.

Bayanin abin ya zo a 1964 daga Howard Skipper, wanda ya nuna a jikin ɓeraye cewa kowane zubi na magani wani kaso yake kashewa na ƙwayoyin sankara, ba dukkansu ba, ragowar kuwa sai su sake hayayyafa. Bisa wannan fahimta Donald Pinkel na asibitin St. Jude a Memphis ya riƙa haɗa magunguna da dama, ana ba yaro har shekara biyu zuwa uku bayan cutar ta lafa. Zuwa farkon shekarun 1970 kusan rabin yaran na tsira. A yau, a ƙasashe masu wadata, kimanin tara cikin goma na yaran da ke da irin wannan sankarar jini suna wuce shekara biyar a raye.