Anthony Epstein da Ƙwayar Cutar Epstein-Barr: Nazarin Aikinsa da Tasirinsa a Binciken Dangin Herpes

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin aikin Farfesa Anthony Epstein (1921–2024), likitan Ingila da ya gano ƙwayar birus ta farko da aka danganta da ciwon daji a jikin ɗan'adam. Maƙalar ta nuna cewa nasarar ta samu ne daga haɗuwar lurar likitan asibiti da naciyar mai binciken ɗakin gwaji, kuma har yau yaran Afirka ba su ci cikakkiyar moriyarta ba.

Gabatarwa

Dangin herpes sun haɗa da ƙwayar da ke kawo ƙarambau da wadda ke fesar da ƙuraje a leɓe. Halinsu ɗaya ne: in sun shiga jiki sai su lafe, ba sa fita har ƙarshen rayuwa. Kafin 1964 an san birus na haddasa daji a jikin kaji, kuma a kan wannan Epstein ya fara aiki a asibitin Middlesex da ke Landan. Amma babu hujjar cewa haka na faruwa ga mutum.

Yadda aka gano ƙwayar

A watan Maris na 1961 Denis Burkitt, likitan fiɗa da ke aiki a Yuganda, ya gabatar da lacca a Middlesex kan wani daji mai kumbura muƙamuƙin yara, wanda ya fi yawa a yankunan zafi da ruwan sama. Epstein ya yi hasashen cewa ciwon da ke bin yanayin ƙasa haka ba zai rasa ƙwayar cuta a bayansa ba. Nan take ya nemi a riƙa aiko masa da samfurin tsokar ciwon daga Kampala.

Fiye da shekara biyu gwaji bai haifar da komai ba. A Disamban 1963 hazo ya sa aka karkatar da jirgin da ke ɗauke da samfuri zuwa Manchester. Ko da samfurin ya iso, ruwan da ke cikin kwalbar ya yi gurɓi-gurɓi, kamar ya lalace. Maimakon ya zubar, Epstein ya duba a madubin likita, sai ya ga ƙwayoyin dajin ne suka saki tsokar suna yawo da ransu. Shi da Yvonne Barr suka raine su, sannan da taimakon Bert Achong aka hango ƙwayar birus a cikinsu a madubi mai aiki da elektiron, da siffa irin ta dangin herpes. Mujallar The Lancet ta buga sakamakon a Maris na 1964.

Tasirin aikin

A 1968 Werner da Gertrude Henle, a Filadelfiya, suka tabbatar da cewa ƙwayar ce ke kawo zazzaɓin nan mai kumbura kaluluwa da ke kama matasa. An kuma danganta ta da dajin bayan hanci da ya yawaita a kudancin Sin. A 1997 hukumar binciken daji ta duniya ta sa ta cikin tabbatattun masu haddasa daji, sannan a 2022 wani bincike kan sojojin Amurka fiye da miliyan 10 ya nuna alaƙarta mai ƙarfi da cutar jijiyoyi ta MS. Epstein kansa, a Jami'ar Bristol inda ya zama farfesa a 1968, ya duƙufa wajen neman allurar rigakafi.

Fiye da kashi 90 cikin 100 na manya suna ɗauke da ƙwayar, amma kaɗan ne ke kamuwa da daji. A Afirka, ciki har da Nijeriya, yawan zazzaɓin cizon sauro ne ke raunana garkuwar yaro har ƙwayar ta samu sarari.

Kammalawa

Epstein ya rasu a Fabrairun 2024 ba tare da an amince da wata allurar rigakafin ƙwayar ba. Kafin a samu, maƙalar tana ba da shawarar a ɗauki yaƙi da cizon sauro a matsayin kariya daga dajin yara, a koya wa ma'aikatan lafiya na karkara gane kumburin muƙamuƙi da wuri tunda ciwon yana jin magani, kuma jami'o'inmu su mallaki ɗakunan gwajin da za su nazarci samfuri a gida.