Jarumtar Kurtu da Son Kan Tarihi

Ranar 4 ga Nuwamba 2016, mayaƙan Boko Haram suka afka wa sojoji a Malam Fatori, jihar Borno, inda Laftanar-Kanar Muhammad Abu Ali ya kwanta dama. Shi ne kwamandan tankokin da ya yi suna wajen ƙwato Baga a 2015, kuma a shekarar aka yi masa ƙarin girma na musamman daga Manjo. Ya cancanci duk yabon da ya sha, domin kwamanda ne da ke shiga gaba da kansa. Amma sojoji shida aka binne tare da shi a maƙabartar soja ta Abuja, kuma da wuya a sami wanda zai kawo sunan ɗayansu.

Wannan mantuwa ta shafi mutanen Zariya kai tsaye. Mazaunin unguwar Tudun Jukun maƙwabcin makarantar horar da kuratan soja ne, wadda aka kafa a 1924. Barikin da take ciki, wato Chindit, ya samo sunansa daga rundunar hafsan Ingila Orde Wingate da aka sauke a bayan dagar Japanawa a dajin Burma a 1944. Bataliyoyi uku na sojan Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, suna cikinta, sun kuma yi gumurzu wajen tsare sansanin White City. Mutum huɗu na rundunar suka sami Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma ta Ingila: Turawa uku da Gurka ɗaya. Babu ɗan Afirka ta Yamma.

Wani zai ce kwamanda ke ɗauke da nauyin shawara, don haka shi tarihi ke riƙewa. Hujjar tana da ƙarfi, sai dai ta bayyana shugabanci ne kawai. Sadaukarwa kuwa, a ganina, ta kurtu ta fi nauyi. Bai tsara yaƙin ba, bai zaɓi wurin ba, sau da yawa bai san dalilin umarnin ba, amma yana tsayawa a rami don abokinsa ya tsira, alhali ya san ba za a sa wa titi sunansa ba.

'Yan mazan jiyan Burma sun kusa ƙarewa, sai 'ya'ya da jikoki. Ya kamata Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da Gidan Arewa na Kaduna su bi unguwannin Zariya gida-gida, su naɗi abin da iyalan ke tunawa, su haɗa da na matan sojojin da suka mutu a Borno, tun masu bayanin suna raye.